Baƙo Da Guntun Larabci A Ɗakin Yara Marasa Lafiya Na Alƙahira

A unguwar Sayyida Zainab ta birnin Alƙahira, a filin da tsohuwar mayankar birnin take a da, akwai wani asibiti wanda ba a kiransa da suna sai da lamba. Duk Bamisiren da ka tara a hanya ka ce masa 57357, ko direban tasi ne ko mai sayar da shayi, ya san inda ka nufa, kuma galibi sai ka ga fuskarsa ta canja ya bi ka da addu'a. Asibitin yara ne masu fama da ciwon daji, watau sankara. Lambar kuwa ta asusun banki ce da aka buɗe aka riƙa shelanta wa jama'a su zuba taimako a ciki tun ginin yana kan takarda, har ta zauna a bakin mutane ta zama suna. Ranar 7 ga watan Yuli na shekarar 2007 aka buɗe shi, kuma ba a karɓar ko kwabo daga hannun iyayen yaran da ake yi wa magani.

Cikin masu shiga da fita a irin wannan asibiti akwai wata ƙungiya da ba likitoci ba, ba ma'aikatan jinya ba, ba kuma dangin marasa lafiya ba. Su ne 'yan sa kai, waɗanda ba a biyansu. Yawancinsu samari ne da 'yan mata na Masar, ɗaliban jami'a. Amma jefi-jefi akan sami baƙo a cikinsu, wanda ya zo Alƙahira koyon Larabci daga Turai ko Asiya ko ƙasashenmu na Afirka, da safe yana aji yana fama da alif da ba, da la'asar kuma yana zaune a bakin gadon yaro da fensirin kala a hannu. Wannan baƙo shi ne abin maganarmu a yau, domin ana ta samun matasa masu sha'awar haɗa abubuwan nan biyu, neman lada da neman harshe, kuma haɗin yana da daɗi, yana kuma da hatsarin da ba kowa ke faɗa musu ba kafin su hau jirgi.

Bari mu fara da girman matsalar, don mai karatu ya san irin ɗakin da baƙon yake shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara yara da matasa kimanin 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, suna kamuwa da ciwon daji. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa. A da yawa daga ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali kuwa waɗanda ke warkewa ba su kai 30 cikin 100 ba. Cutar ɗaya ce, maganin ma sananne ne. Abin da ya raba su shi ne jinkirin gane ciwon, da tsadar magani, da kuma iyayen da kan gaji su ɗauke ɗansu su koma ƙauye magani bai ƙare ba. Saboda wannan giɓi ne a shekarar 2018 hukumar ta ƙaddamar da wani shiri na kai adadin masu warkewa zuwa aƙalla 60 cikin 100 a duniya kafin 2030. Abokin aikinta a shirin shi ne asibitin St. Jude na birnin Memfis a Amurka, wanda wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Danny Thomas, ɗan asalin Labanon, ya kafa a 1962. Da tsarin St. Jude ɗin nan Misirawa suka yi koyi wajen gina nasu: a yi magani kyauta, jama'a su ɗauki nauyi da sadakarsu.

Dogaro da sadaka yana da nasa ciwon kai. A ƙarshen shekarar 2022, bayan darajar fam na Masar ta faɗi kuma kuɗin magungunan da ake sayowa daga waje ya tashi, sai da aka yi ta kururuwa a jaridu da talabijin cewa asusun asibitin ya yi ƙasa, 'yan wasan ƙwallo da taurarin fim suka riƙa zuwa suna roƙon jama'a. Ba kuma shi kaɗai ne asibitin yara a wannan yanki na birnin ba. Ba nisa akwai asibitocin Abu Rish na Jami'ar Alƙahira, wanda ɗaya daga cikinsu har yau ake ce masa "na Japan" domin da taimakon Japan aka gina shi a farkon shekarun 1980, ga kuma Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa a gefen titin Ƙasarul Aini. A waɗannan ne cunkoso ya fi yawa, iyaye daga kudancin Masar suna kwana a bakin ƙofa da bargunansu suna jiran layi.

ABIN DA AKE SO DA ƊAN SA KAI

Wanda bai taɓa zaman jinya mai tsawo ba yakan zaci babban abokin gaban yaro a asibiti shi ne zafin ciwo. Zafin yana nan, amma likita yana da maganinsa. Abin da likita ba shi da lokacinsa shi ne zaman jira. Sankarar jini, wadda ita ce ta fi kama yara, maganinta yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Yaro zai zo a ɗaura masa ruwan magani ya zauna sa'o'i, hannu ɗaya a ɗaure da roba, ba makaranta, ba abokan wasa na unguwa, ga uwa a gefe ta kwana uku ba ta runtsa ba. Aikin ɗan sa kai a nan yake. Ya kawo takarda da kala, ya yi wasan ludo ko na kati, ya karanta labari, ya hura balan-balan inda aka yarda, ya zauna da yaron minti talatin don uwar ta samu ta yi salla ta sa wani abu a bakinta. Iyakarsa ke nan.

Ba ya ba da magani. Ba ya taɓa robar ƙarin ruwa ko injin da ke tura shi, ko da injin yana ta ƙara. Sai dai ya kira ma'aikaciyar jinya. Ba ya ba yaro abinci ko alewa daga aljihunsa. Ba ya ɗaukar hoto. Kafin ya shiga ɗaki zai wanke hannu, in ya fito ya sake wankewa, in an ce ya rufe hanci da baki ya rufe.

Dalilin wannan tsanani ya kamata kowane ɗan sa kai ya fahimce shi, don wanda bai san dalilin doka ba shi ne mai saurin karya ta. Maganin sankara da ake ɗura wa yaro, wanda Misirawa ke kira "kimawi", yana kashe duk ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa ne, bai san na cuta ba bai san na kirki ba. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ke yin gyambo. Mafi hatsari kuma, yana rage fararen ƙwayoyin jini waɗanda su ne sojojin jiki. Wajen kwana 7 zuwa 14 bayan an ɗura maganin adadinsu yakan faɗi ƙasa warwas, a wannan lokaci kuwa murar da babba zai sha shayi ya kwanta ta wuce tana iya kai yaro ɗakin masu tsananin jinya. Ƙyanda da ƙaranbau sun fi haka muni. Saboda haka ranar da ɗan sa kai ya tashi da atishawa ko gudawa, babban taimakon da zai yi shi ne ya zauna a gida. Asibitocin kirki kan tambayi takardar allurar rigakafi kafin su karɓi mutum, wanda kuma bai tambaya ba a yi hattara da shi.

LARABCIN LITTAFI DA NA BAKIN GADO

To, mu zo ga harshe, inda nan ne baƙo ke shan mamaki. Mutum zai yi wata biyu a aji yana haddace "kaifa haluka" da "ma ismuka", ya shiga ɗakin yara da ƙarfin gwiwa ya gaishe da yarinya 'yar shekara biyar, sai ta dube shi ta fashe da dariya ta ɓuya a bayan uwarta. Ba laifi ya yi ba. Ya yi mata magana ne da harshen mai karanta labarai a talabijin da na liman a kan mumbari. Larabawa da harshe biyu suke rayuwa: Fusha, ta littafi da huɗuba da jarida, da kuma Ammiyya, wadda ake sha a nono, ake ciniki da ita, ake kuka da ita. Wani masanin harshe na Masar, Sa'id Badawi, ya wallafa littafi a 1973 inda ya nuna cewa a Masar ma hawa biyar ne, daga Fushar malaman da, har zuwa Ammiyyar wanda bai je makaranta ba. Yaron da bai shiga firamare ba, da uwarsa da ta zo daga wani ƙauye na Asyuɗ ko Suhaj, a hawan ƙasa suke, littafin baƙo kuwa daga hawan sama ya fara.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Harafin jim a Alƙahira "g" ne, saboda haka "jamil" ya koma "gamil", Juma'a ta koma "gum'a". Harafin ƙaf kuwa sun haɗiye shi, "ƙalb", watau zuciya, sai ka ji "alb". "Yaya kake" ita ce "izzayyak" ga namiji, "izzayyik" ga mace. "Me sunanka" ita ce "ismak e". "Ina so" ba "uridu" ba ce, "ayiz" ce ko "ayza". Wanda ya zo da niyyar aiki da yara, in ya nemi shawararmu, ya sa rabin lokacinsa ko fiye a kan Ammiyya tun daga makon farko. Akwai littattafanta, jerin nan mai suna Kallimni Arabi na Samia Louis, wanda maɗaba'ar Jami'ar Amurka ta Alƙahira ta buga, an yi shi ne musamman don wannan. Fusha ba za ta gudu ba, kuma wanda ke son karatun addini ko na jarida lalle ya koma gare ta. Sai dai a bakin gado ba ta cika ciniki ba.

Kada kuma wani ya ruɗi kansa da tallan makarantu masu cewa za ka iya Larabci cikin wata uku. Makarantar da ke koya wa ma'aikatan jakadancin Amurka harsuna ta sa Larabci a sahun mafi wuya ga mai jin Ingilishi, ta ƙiyasta masa sa'o'in aji 2,200, watau mako 88 ana karatu ba wasa. Mai wata uku abin da zai samu shi ne kalmomi 'yan ɗari da kunnen da ya fara buɗewa. Amma abin farin ciki, wannan ɗin ya ishi wasan ludo.

A nan Bahaushe yana da wata riba da Bature ko Bajapane ba shi da ita, ko da kuwa bai taɓa zaman makarantar allo ba. Rabin ƙidayarmu ta Larabci ce, kuma yadda muke furta ta ya fi kusa da bakin Misirawa bisa ga na littafi: mu ce talatin su ce "talatin", mu ce tamanin su ce "tamanin", hamsin da sittin duk haka. Ranakun mako namu ne da nasu. Sabulu, albasa, alƙalami, littafi, duk ya san su tun yana goye. Allurar ma da yara ke gudu daga "al-ibra" muka samo ta, ko da yake in ta jinya ce Misirawa sun fi cewa "hu'una". Hanyar Alƙahira kuma tsohuwar hanya ce ga mutanen ƙasashenmu. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta a can domin ɗalibansu da alhazansu, Azhar kuma ta daɗe da ɓangaren Barnawa. Har yau ɗalibanmu suna nan da yawa a Azhar, sai dai da yawansu sun iya i'irabin baiti amma in yaro ya ce cikinsa na ciwo sai sun nemi tafinta.

Ribar tana tafe da tarkonta. In yaro ya dube ka ya ce "mayya", kada gabanka ya faɗi, ruwa yake so. In ya ce "mashi", ba makami yake nufi ba, cewa yake "to, na yarda". Babban tarkon kuwa yana cikin kalmar da muka fi kowa so, lafiya. Asalinta "al-afiya", amma in Bamisire ya ce wane yana "bi afya shwayya" to cewa yake ba ya jin daɗi, sakaya zancen ya yi. In kuma ya ce an yi abu "bil afya", da ƙarfin tsiya aka yi shi. Bahaushen da ya ji uwa ta faɗi haka game da ɗanta ya washe baki ya ce alhamdu lillahi, ya yi aika-aika bai sani ba. (A Maroko abin ya fi haka, can "afiya" wuta ce.) Akwai kuma waɗanda wasali ɗaya ko nauyin harafi kaɗai ya raba: "hammam" makewayi ne, "hamam" tattabaru, "ta'aban" wanda ya gaji ko ba shi da lafiya, "ti'iban" maciji.

Su kuwa yaran, babu malamin da ya kai su. Babba in ka yi kure sai ya yi kawaici ya ce Larabcinka ya yi kyau. Yaro ba ruwansa da kawaici, zai yi dariya har da riƙe ciki, ya kira na gadon kusa ya ce zo ka ji yadda wannan ke cewa kaza, sa'an nan ya sa ka maimaita sau goma sai ka daidaita. Masu lura da halin yara a asibiti sun daɗe da gane amfanin wannan. Yaron da ya yi watanni kowa na ba shi umarni, buɗe baki, miƙo hannu, haɗiye wannan, yau ga wani ƙato ya zauna a gabansa bai san sunan kalar ja ba sai shi ya koya masa "ahmar". A wannan rabin sa'a shi ne babba. Saboda haka rashin harshen baƙo, in ya iya riƙe shi da fara'a, yakan zama abin wasan da ya fi duk wanda ya ɗauko a jaka. Jimloli uku sun ishe shi buɗe wannan ƙofa: "mish fahim", ban gane ba, "tani", sake faɗa, "birraha", a hankali. Ya ƙara da "shaɗir" ko "shaɗra" don yabo, da "ya baɗal", watau jarumi, wanda ake yawan kiran yaran da shi.

In duk wannan ya ƙi, akwai ƙwallo. Masar ta kasu biyu ne tsakanin Ahli da aka kafa a 1907 da Zamalek ta 1911, kuma tambayar "Ahlawi walla Zamalkawi" tana tayar da yaron da ya ƙi magana tun safe. Ɗan Nijeriya yana da abin faɗa a kowane gefe: Emmanuel Amunike ya buga wa Zamalek a farkon shekarun 1990, iyaye maza suna tune da shi, Junior Ajayi kuma ya yi wa Ahli wasa daga 2016. Ya dai shirya wa tambayoyi a kan launin fatarsa. Yara kan taɓa hannu su tambaya cikin rashin sani, wannan ba komai. A titi ne wani lokaci baƙar fata kan ji kalmomin da ba su da daɗi, kuma gara a faɗa masa tun yana gida.

INDA GUNTUN HARSHE KE ZAMA HATSARI

Duk abin da muka faɗa na wasa ne. Akwai kalmomi kaɗan da ba na wasa ba, waɗanda bai kamata baƙo ya shiga ɗakin yara ba sai ya san su kamar sunansa. "Suhun" ko "harara", zafin jiki. "Waga'", ciwo. "Dayih", jiri. "Ayiz aragga'", ina jin amai. "Mish adir atnaffis", ba na iya numfashi. Ga yaron da fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi, zazzaɓin da ya kai awo 38 abin gaggawa ne, ƙa'idar likitoci ita ce a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda. In yaro ya faɗi wani abu yana yamutsa fuska, ɗan sa kai bai gane ba, kada ya yi murmushi ya gyaɗa kai kamar yadda masu koyon harshe suka saba don gudun kunya. Ya tashi ya kira ma'aikaciyar jinya. Gara a kira ta sau goma a banza.

Haka nan kada ya yarda a mai da shi tafinta. Yakan faru, musamman yanzu da Alƙahira ta cika da baƙi marasa lafiya: 'yan Sudan da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro, da yaran Gaza da aka fara fitowa da su neman magani a Nuwamban 2023, da 'yan Yaman, da 'yan Afirka ta Yamma masu zuwa jinya da kuɗinsu. Uba zai ga baƙo mai jin Ingilishi ko Hausa ya miƙo masa takardar likita ya ce karanta mini. Mai wata uku a aji ba ya bambance "sau biyu a rana" da "bayan kwana biyu" in an faɗa da sauri, kuma a maganin sankara wannan kuskure yana kisa. Amsar ita ce ya kai uban wurin wanda aikinsa ke nan.

Sai kuma sunan cutar kanta. A littafi "saraɗan" ne. Misirawa da yawa ba sa furta shi, sai su ce "il-marad il-wihish", mugun ciwon nan, kamar dai yadda mu ma mukan sakaya mu ce ciwon daji. Wasu iyayen ba su gaya wa yaron abin da ke damunsa ba, wasu ko kakanni ba su gaya wa ba. Ko ɗan sa kai yana ganin wannan daidai ne ko kuskure, ba shi ne zai warware ba, kuma ba daga bakinsa yaro zai fara jin kalmar ba. In uwa ta tambaye shi ko ɗanta zai warke, ba shi da amsa sai addu'a: "Rabbina yishfi", Ubangiji ya ba da sauƙi, ko "alf salama". Kalmar "Rabbina" tana da wani amfani, domin Musulmi da Kirista duk da ita suke kiran Ubangiji. Masar tana da Kiristoci Kibɗawa miliyoyi, za ka gane wasunsu da ɗan ƙaramin gicciye da aka zana a wuyan hannu, kuma gadajensu a jere suke da na Musulmi. Ɗakin jinya ba wurin wa'azi ba ne ga kowane ɓangare.

Akwai masu sukar wannan harka gaba ɗaya, kuma sukar tasu tana da tushe. Sun ce an mai da talauci da ciwo wurin yawon buɗe ido: kamfani ya karɓi kuɗi masu yawa daga matashi, ya kai shi ya yi mako biyu yana rungumar yara, ya ɗauki hotuna ya zuba a Facebook da Instagram, ya koma gida da takardar yabo, yaran kuwa an bar su suna jiran baƙo na gaba. Mafi munin misali ya faru a garin Jinja na Uganda, inda wata Ba'amurkiya da ba ta da horon likita ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa. Yara 105 suka mutu a cibiyar cikin 'yan shekaru kafin hukuma ta rufe ta a 2015. Iyaye mata biyu suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 da biyan diyya ba tare da ta amsa laifi ba. Ita ta ce yaran sun zo ne a galabaice, masu ƙara suka ce ta yi aikin da ba nata ba. Ko yaya aka ɗauki shari'ar, darasin da ma'aikatan agaji suka fitar shi ne abin da ba za a bar ka ka yi wa yaro a ƙasarku ba, kada ka yi shi a ƙasar wasu. A ganinmu ma'aunin yana da sauƙi. Wurin da ya karɓe ka ba tambaya, ba horo, ba mai lura da kai, muddin ka biya, ba yaran yake yi wa aiki ba. Wanda ya ba ka fom, ya yi maka tambayoyi, ya sa ka jira, ya ce ga wadda za ka riƙa bi, wannan shi ne na ƙwarai, ko da jiran ya ci maka wata guda. Wanda kuma bai taɓa leƙa ɗakin yara na asibitin garinsu ba, a Legas ne ko Ibadan ko Kano, ya fara gwada zuciyarsa a can tukuna, inda yake jin harshen, ya ga ko za ta ɗauka.

Game da tsari, abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya fara zama ɗalibi, ya yi rajista a makarantar harshe, ya daidaita takardun zamansa, ya ba kansa mako shida ko takwas yana jin garin, sa'an nan ya nemi sashen 'yan sa kai na asibiti da kansa ba ta hannun dillali ba. Da ɗan gari akan ci gari, saboda haka ya nemi a haɗa shi da ɗan sa kai Bamisire su riƙa shiga tare. Yini biyu a mako na tsawon wata huɗu ya fi kullum na tsawon mako biyu, ga yaran da kuma ga Larabcin. Hutun mako a can Juma'a da Asabar ne. Watan azumi kuwa shi ne lokacin da masu ziyara da masu kyauta suka fi yawa, ana raba fitilun nan na Ramadan da ake kira "fanus". Bayan salla sai ɗakunan su yi tsit, a lokacin ne aka fi bukatar mai zuwa.

Akwai ranar da duk wanda ya daɗe a wannan aiki zai gamu da ita. Zai zo da takardar zanen da suka fara da wani yaro ran Talata, ya tarar an canja zanin gado, wani ne a kwance. Wani lokaci sallama aka yi, an koma gida cikin murna. Wani lokaci ba haka ba ne. Ma'aikatan ba lalle su gaya masa ba, domin sirrin iyali ne, shi kuma ba dangi ba. In ya haɗu da iyayen, abin da ake faɗa shi ne "il-baƙa' lillah", dawwama ta Allah ce, ya yi shiru bayan nan, kada ya ce zai ƙara da jimlolin da bai mallaka ba. Ya kuma nemi wanda zai yi magana da shi da harshensa a wannan dare, don baƙin ciki a cikin harshen da ba ka iya ba ya fi nauyi.

Tafiyarsa shi kansa ma sai an shirya ta. Yara masu dogon jinya sun riga sun ga mutane da yawa sun ɓace ba sallama. Kalmar "bukra", gobe, tana da arha a bakin Misirawa kuma mai koyo yakan kama ta da wuri, amma yaro ɗan shekara shida da aka ce wa "bukra" zai zuba wa ƙofa ido tun da asuba. In saura mako biyu ya tashi, ya gaya wa mai lura da 'yan sa kai, su gaya wa yaran tare, a nuna musu ranar a kalanda, a nuna musu ƙasarsa a taswira. Kada ya yi alkawarin dawowa in bai riƙe tikiti ba, kada kuma ya ba yaro lambar wayarsa a ɓoye. In iyali suna son zumunci ya ci gaba, ta ofishin asibiti za a bi. Jimlar da zai nema wurin malaminsa a wannan mako ita ce "ana msafir yom il-hamis", zan yi tafiya ran Alhamis, ya yi ta maimaita ta har ta zauna, domin yaran za su tambaye shi fiye da sau ɗaya.